Sauran Furar Zayyanu

Lami ba ta taɓa kiran sunan Zayyanu ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifinta. Ɗan fari ne. Yadda ta taras iyayenta suna yi a Bagudo, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Idan zancensa ya zama dole sai ta ce "yaron can", kowa kuma ya san wanda take nufi. Mata suna yabonta, suna cewa Lami akwai kunya. Ita kuwa yabon nan ya daɗe da isarta.

Tun a yaye aka ɗauke shi. Dela, yayar mijinta Malam Sani, ita ce ta zo daga Segbana, can cikin ƙasar Benin bayan an wuce Tsamiya, ta goya shi ta tafi, wai da ya manta nono za ta dawo da shi. Dela ba ta taɓa haihuwa ba. Yaro ya manta nono, ya yi wayo, ya yi makaranta, ya koyi gyaran injin ban-ruwa, ya fito da gemu, har yau ba a dawo da shi ba. Lami ba ta da bakin tambaya, don uwar da ta buɗe baki ta nemi ɗan farinta ta zama abin zance a gidan biki. Bayansa mata ta jera, duk sun yi aure sai auta Mashkura.

Yana zuwa, ba a ce ba ya zuwa ba. Da salla, da lokacin da manoman shinkafa na Kaoje suka kira shi injinansu sun tsaya, yakan biyo ta gida ya kwana a ɗakin zaure. Sai dai zuwan nasa shi ne ciwon. Zai durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu, ya ce, "Kun kwana lahiya?" kamar mai gaida taron mutane. Ta amsa a taƙaice. Daga nan ya koma gindin darbejiya wurin ubansa da ƙanwarsa, bakinsa ya buɗe, kuma duk maganar da zai yi sai Dela ta fito a ciki. Inna ta ce kaza. Inna ba ta son manja a miya. Inna ƙafarta ta matsa mata, ya sayo mata man zafi. Ya haɗa wa Inna fanka mai aiki da hasken rana. Lami tana ɗaki tana jin kowace "Inna" tana sauka a ƙirjinta, don ba ita ake nufi ba.

Yakan kawo mata atamfa, gaskiya. Amma da ta ji ya gaya wa Mashkura cewa Inna ce ta zaɓa, sai ta ninke ta tura ƙasan akwati. Akwai atamfofin Kwatano a akwatin nan da tela bai taɓa gani ba.

Kishi ne, ba wani suna gare shi ba. Mace tana kishin miji a ji ta, a yi mata dariya, a ba ta haƙuri. Wadda take kishi da wata mace a kan ɗan da ta haifa kuwa, wa za ta gaya wa? Haka ta haɗiye shi shekara da shekaru, tana gaishe da Dela a waya da murya mai daɗi, tana ce mata Yaya.

A bazarar bana maganar ta zo wuya. An sa wa Zayyanu rana da Surayya, wata yarinya 'yar Kaoje, saura a faɗi inda za a kai amarya. A bayan gidan Malam Sani akwai fili da zai ɗauki ɗaki biyu da makewayi. A Segbana kuma Dela ta aiko cewa ta riga ta gyara sashe. An tambayi Zayyanu, ya ce duk inda Baba ya ce. Malam Sani ya ce zai yi tunani, ya kuma yi ta jan ƙafa, don mutum ne mai saurin fushi da kowa amma ban da yayarsa. Lami ta san abin da ke cikin wannan tunanin. Idan amarya ta tare a Segbana, a can za a haihu, jikoki su tashi suna kiran Dela kaka, ita kuma a riƙa kawo mata su da salla su durƙusa a bayan labule. Idan ta tare a Bagudo, ko ba ta kira sunansa ba za ta riƙa jin tarinsa da safe. Bayan wannan ba ta da sauran dama.

Ba ta iya cewa tana son ɗanta kusa. Abin da za ta iya kawai shi ne ta samo dalilin da zai sa Malam ya ga zaman Segbana ba alheri ba ne. Ta daɗe tana nema, yaron kuwa ya ƙi yin laifi.

Mashkura ma'aikaciyar lafiya ce. A 'yan watannin nan, saboda haɗurra da suka yi yawa a hanyar iyaka, an haɗa su da shugabannin direbobi suna bin tasha ranar kasuwa, suna gwada masu tuƙi kafin su ɗauki fasinja. Wata rana da yamma ta zazzage jakarta a tabarma tana neman biro, wasu 'yan ledoji masu ƙyalli suka zubo. Lami ta ɗauki ɗaya ta juya.

"Wanga kuma mi na?"

"Tsinken gwajin giya na, Mama." Mashkura ta yage ledar ta zaro wani ɗan siririn tsinken roba mai ɗan farin soso a baki. "Bisa halshe aka aza shi ya jiƙe da miyau, a jira kaɗan. In bakin ga ya koma shuɗi-shuɗi, mutum ya sha. In ya tsaya hwari, lahiya lau." Ta ɗora a harshenta, ta cire, ta riƙe shi a gaban uwar har ya nuna babu komai. "Kin gani? Ɗiyarki ba ta sha."

"Allah shi kyauta. Ana samu kuwa?"

"Ana samu mana. Mahi yawa masu hitowa daga ƙetare. Can ai ba a ɓoye ta, bakin hanya aka saida ta kamar ruwan sanyi."

Mashkura ta ci gaba da bayani, wai sai bakin mutum babu komai, wai ba a gwadawa da an gama cin abinci, amma Lami ta riga ta bar wurin da hankalinta. Kalma ɗaya ta riƙe: ƙetare. Yaro ya tashi a garin da ake sayar da giya a bakin hanya, a hannun matar da ba ta taɓa ce masa bari ba. Kuma ba ta sha ganin idonsa ja ba, ta kafar labule, duk ranar da ya iso? Kowa ya san mai tafiyar babur daga Segbana cikin ƙura da rana dole idonsa ya yi ja. Lami ma ta sani. Ta dai ga ba ta da amfani da wannan sanin a lokacin. Da Mashkura ta tashi alwala, uwar ta ɗauke leda ɗaya ta soke a bakin zane.

Ranar Alhamis da hantsi Zayyanu ya iso, don uban ya ce ya zo a ƙarasa magana. Lami ta yi abin da take yi duk zuwansa, abu ɗaya da al'ada ta bar mata: ta dama masa fura. Nonon da ta saya tun safe hannun wata Bafillatana mai zuwa daga rugagen Kaoje, furar kuma ita ta kirɓa da hannunta, da citta da kanumfari yadda ta ji ya taɓa cewa yana so. Ta rufe ƙwaryar da faifai ta ba Mashkura. "Kai ma yaron can."

Ta leƙa tana kallo. Ya sha ludayi bayan ludayi yana hira da uban, sannan ya ajiye, ya rufe, ya ce alhamdu lillahi. Da aka dawo da ƙwaryar akwai saura kusan kashi ɗaya cikin uku. Ta tabbata a ranta furar Dela ba ya rage ta.

Nan matsalar ta tsaya mata. Tsinke a harshe ake sa shi. Ita da ba ta iya tsayawa gabansa ta ce sannu da hanya, ina za ta ce masa buɗe bakinka? Ta sa Mashkura? Yarinyar da take ganin Yaya Zayyanu kamar shi ya rataye wata, kafin ta rufe baki labari ya kai zaure. Tana riƙe da ƙwaryar dabara ta zo mata, har ta ji daɗin wayonta. Ludayin nan ya shiga bakinsa ya koma cikin fura ya fi a ƙirga. Yawu ai yawu ne, ko a harshe ko a ƙwarya.

Sai dai gidan bai ba ta sarari ba. 'Yan uwan Malam suka yi ta shigowa gaida ango, matan maƙwabta suka zo ganin kayan lefe, Mashkura kuma ranar tana hutu, duk inda uwar ta juya tana nan. Lami ta kai ƙwaryar madafa ta tura bayan tukwane, kusa da murhu inda babu mai kai hannu, ta ɗora tsohon buhu a kai. Zafin bazarar nan kuwa ko ruwan randa ɗumi yake yi. A nan furar ta wuni, ta kwana, ta sake kai wa rana tsaka.

Sai da maza suka tafi masallacin Juma'a, Mashkura kuma tana tashar Tsamiya wurin aiki, gida ya yi tsit. Lami ta jawo ƙwaryar ta ɗaga faifai. Furar ta taso, ta yi 'yan ƙwayoyin kumfa a gefe, tsaminta ya daki hanci. Macen da ta yi shekara arba'in tana dama fura ta san abin da kwanan zafi yake yi mata, amma ba ta taɓa haɗa wannan da giya ba, don giya a wurinta abu ne na kwalba da mutanen banza. Ta yage ledar da haƙori, ta tsoma bakin tsinken daidai inda ludayin yake kwance, ta cire ta zuba masa ido.

Ya fara kamar ba zai yi komai ba. Can sai farin ya dushe, ya ɗauki kore, koren ya nutse ya koma shuɗi.

Daɗi ta ji. Ba za a ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mata ke nan, wani sanyi daga wuya har ciki. Uwa ta ga shaidar ɗanta yana shan giya, ta ji daɗi, saboda a cikin shuɗin nan ba ɗanta ta gani ba, Dela ta gani. Ga riƙon naki, Yaya. Ga Innar da ake ta kira. Sai bayan wannan tsoro ya biyo, da tausayin yaron, ta ce a ranta ai shi ya sa dole a dawo da shi gida a gyara shi tun da sauran lokaci. Ta mayar da ƙwaryar bayan tukwane, ta wanke hannu, ta zauna jiran Malam.

Shi kaɗai ya dawo. Zayyanu ya tsaya duba injin wani maƙwabci. Ta bari ya cire babbar riga ya sha ruwa, sannan ta durƙusa ta ajiye tsinken a gabansa.

"Malam, abin ga da Mashkura ka gwada direbobi da shi na. Ka san shi?"

"Na ga tana nuna shi. Mi ya hwaru?"

"Miyan bakin yaron can na gwada. In ya yi shuɗi, an sha giya." Ta sunkuyar da kai. "Ni ba ni da ta cewa bisa gare shi, kai ma ka sani. Amma in anka bar shi can, da mata ga hannu, ban san abin da za a tarar ba nan gaba."

Abin da ta tsara shi ne Malam ya yi shiru, ya yi tsaki, gobe ya ce amarya a Bagudo za ta tare, ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta manta wanda take aure. Malam Sani shi yake jan salla a masallacin unguwa idan liman ba ya nan, kuma makon da ya wuce ya tsaya a kan 'ya'yan mutane masu shaye-shaye har muryarsa ta dushe. Bai tambaye ta yadda ta samu yawun ba. Ya dubi tsinken, jijiyar goshinsa ta tashi, ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Malam, dakata, wa za ka kira?"

Ya riga ya danna. Kamar yadda ya saba, ya buɗe muryar wayar ya riƙe ta a gaban baki, duk tsakar gida na ji.

"Yaya Dela, amanar da na ba ki ke nan? Na ba ki yaro da tsarkinai, ki maido man mashayi?"

Sannan muryar tsohuwar ta fito, a hankali. "Sani, ni ka ka gaya ma haka?"

"Ke na ka gaya ma. Kin bar shi cikin gari ba kwaɓa ba harara, don ba ki san zahin haihuwa ba."

Lami ta runtse ido. Shekara nawa tana faɗin wannan maganar a zuciyarta, yau ta ji ta a bakin wani, ta ji muninta.

"To," in ji Dela. "Wa ya ba ka labarin ga?"

Malam ya sauke wayar daga bakinsa. Ya dubi Lami, Lami ta dubi ƙasa.

"Na ji," Dela ta ce. "Allah shi ba mu haƙuri." Ta kashe wayar.

Bayan la'asar Zayyanu ya shigo da baƙin mai a hannu, yana neman sabulu. Lami ta riga ta shige ɗaki ta saki labule. Uban ya ce ya zo ya durƙusa, ya jefa masa tsinken a gaba, ya fara. Yaron bai ma san mene ne abin ba. Da ya gane zancen giya ake yi, ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa kai ta bakina ba," ya maimaita, uban yana hawa kansa da faɗa, yana cewa ga shaida a ƙasa yana rantsuwar ƙarya. Ana cikin haka Mashkura ta yi sallama da jakarta a kafaɗa.

Ta tsaya ta saurara, ta sunkuya ta ɗauki tsinken. Ta juya shi, ta kankare wani abu da ya bushe a jikinsa da farce, ta kai hanci.

"Baba, wanga ba bakin mutum ya shiga ba. Hura ta. Ga gari nan ya bushe." Ta juya wajen labule. "Mama, ke kinka ɗauki tsinkena?"

Ta matsa jikin labulen.

"Mama, cikin mi kinka sa shi?"

Muryar Lami ta fito ƙasa-ƙasa. "Sauran da ya rage. Ai ludayin ya shiga bakinai."

"Ta yaushe?"

"Ta jiya."

Mashkura ta shiga madafa, aka ji tana ture tukwane, ta fito da ƙwaryar ta ajiye a tsakiya ta ɗaga faifai. Ko Malam sai da ya kau da fuska. Mashkura ta ce furar da ta kwana a wannan zafin kusa da murhu ta riga ta fara juyawa, kuma abin da take juyawa ta zama shi ne abin da tsinken yake nema. Ko liman ne ya sha ya rage, haka zai nuna. Ta ciro sabuwar leda ta yage, ta tsoma a gefen da ludayi bai taɓa ba, ta ajiye a kan faifai. Suna kallo ya yi shuɗi.

Ta ciro wata. Ta dubi yayanta.

"Kawo," ya ce.

Yana durƙushe ya buɗe baki, ƙato da gemunsa, ƙanwarsa ta ɗora masa tsinke a harshe kamar yaron da ake ba magani. Ta cire ta riƙe. Akuya ta zo ta leƙa ƙwaryar, ba a kore ta ba. An jira har ya wuce yadda ake jira, tsinken yana nan fari.

Malam Sani ya zauna a kan turmi. Ya buɗe baki zai yi wa Lami faɗa, ya tuna shi ya kira waya, ya rufe. Ya danna lambar yayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake, haka.

Zayyanu ya tashi ya wanke hannunsa da sabulun da ya shigo nema, a natse, har tsakanin yatsu. Sannan ya dawo ya tsaya nesa da labulen, inda ya saba tsayawa, ya yi magana da ƙanwarsa, don ta nan kaɗai magana take bi tsakaninsa da mai ɗakin.

"Mashkura, ki gaya musu ban yi hushi ba. Tun ina ƙarami in na zo gidan ga ba a dubana. Na tambayi Inna, ta ce man kunya ta, ta ce uwa ta hi son ɗan da ba ta kallo. Na yarda, ina ta zuwa." Ya share hannu a jikin riga. "Ashe ana dubana. Ban dai san abin da aka nema ba sai yau."

Mashkura ba ta maimaita ba, babu bukata. Labulen atamfa ne, ba bango ba.

A ciki Lami tana zaune bakin gado, hannu a kan baki. Amsar tana nan cike da ƙirjinta: cewa ba laifi take nema ba, shi take nema, kuma da an ba ta hanya ɗaya ta cewa a bar mata ɗanta da ba ta taɓa tsinken kowa ba. Taku kaɗan ne tsakaninta da labulen. Amma mijinta yana tsakar gida, ga 'yarta, ga shekarun da aka yi ana yabonta, kuma ko a wannan halin, abin da ya fi ƙona ta a maganarsa shi ne Dela ce ta ba shi haƙuri a kanta. Har kirkin da yake yi mata, ashe aron Dela ne. Ta zauna ba ta tashi ba.

Da magariba Malam ya leƙo ɗakin, bai shiga ba.

"Gobe zan bi shi Segbana in ba Yaya haƙuri, tunda ta ƙi ɗaukar waya. Amarya kuma can za a kai ta."

"Malam..."

"Da wane baki zan ce ta ba ni shi yanzu? Na kira ta na zage ta bisa ƙarya. Ko ɗaki goma na gina nan, ba ni iya hwaɗin haka." Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, "Da kin bar ni, nan na so in ce. Nauyinta kawai na ka ji."

Ko gaskiya ya faɗa, ko don ya sauke mata nasa rabon laifin ne, Lami ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba.

Da safe ta ji ana fitar da babur. Ta ji Malam yana neman hularsa, ta ji ana ɗaure jaka a baya. Ta ji takun Zayyanu ya zo ƙofar ɗakin, ya durƙusa, ya ce, "Mun tahi, sai wani zuwan," da muryar da ya saba, ba ragi ba ƙari. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Takun ya koma.

Mashkura ta ɗaga labule ta shigo. Idonta ya kumbura, tun jiya ba ta yi wa uwar magana ba.

"Mama, za su tahi. In da abin da za ki ce mai, ki hwaɗa man yanzu in kai. Ko mi na."

Lami ta daɗe tana murza bakin zanenta. A waje an taka babur, ya tashi, ya mutu, an sake takawa.

"Ki ce ya gaida uwatai."

Yarinyar ta tsaya tana dubanta, kamar tana jiran ta canza. Da ta ga babu ƙari, ta fita. Lami ta matso jikin labule ta kasa kunne. A can ƙasan ranta tana jiran ya yi turus, ko ya ce wace uwar, ko ya yi shiru kawai, shirun ma ya ishe ta. Ta ji Mashkura ta faɗi saƙon a zaure, kalma bayan kalma yadda aka ba ta.

"To," in ji Zayyanu. "Za ta ji."

Bai tambayi wadda ake nufi ba. Babur ya fita ya ɗauki hanyar Tsamiya.